Takardar da Zakiyyu Ya Ba da Aro

Mato yana auna gero da tiya a kasuwar Tanout saƙon murya ya shigo wayarsa. Zakiyyu ne, ɗansa mai karatun aikin gona a Faransa. Mato mutum ne mai son a ji ɗansa ya kira daga Turai, don haka ya ƙure ƙarar wayar, amininsa Attahir na gefe yana dafa shayi.

"Baba, an kira ni ofishin baƙi jibi. Ɗalibi ba ya wuce awa ɗari tara da sittin da huɗu yana aiki a shekara, ni kuwa takardata ta nuna kusan ninki biyu. Sun ce in ban yi bayani ba, ba za su sabunta min izinin zama ba."

Mato ya dakata da awon. Ya san inda sauran awoyin suka fito, don shi ya jawo su. Bara Gajere, ɗan Attahir, ya isa Faransa ba takardar zama, ba mai ɗaukarsa aiki. Mato ya ce wa Zakiyyu ya ara masa tasa. Zakiyyu ya yi ta cewa haramun ne a dokar ƙasar, Mato ya yi masa tsawa. A yankinsu na Damargu wa ya taɓa hana maƙwabci aron hauya ko jaki? Takarda ce za ta fi jaki daraja? Sai Gajere ya dinga wanke kwanuka a wani gidan abinci da sunan Zakiyyu, Mato kuwa ya sha godiya har ya gaji.

Muryar Zakiyyu ta ci gaba. "In na yi shiru, ni za a kora, saura wata biyar in gama. In na faɗi, Gajere za su kama, ni ma ban san ko zan tsira ba. Kai ka ce in ba shi, Baba. Me zan ce musu?"

Tsoro ya kama Mato har tiyar ta suɓuce masa, gero ya watse a tabarma. Shekara huɗu yaron nan yana fama da sanyi da littafi, ga shi uban da ya haife shi zai dawo da shi hannu rabbana. Bai iya duban Attahir ba. Shekara arba'in suna zama rumfa ɗaya, kuma duk abin da aka faɗa a kunnensa aka faɗa.

Wata mata ta tsaya tana tambayar gero, ba wanda ya kula ta, ta wuce.

Mato ya danna wayar don mayar wa Zakiyyu da saƙo. "Ka faɗa musu gaskiya," ya ce. "Ka ce ubanka ne ya tilasta ka."

Attahir ya sauke butar shayin daga wuta bai zuba ba. Can ya ce, "Mato, ba ni wayar. Gara yarona ya ji daga bakina kafin su zo masa."