Ruwan da Kaka Malsun Ta Ƙi Sha

"Kurɓa ɗaya, Kaka. Ɗaya tak," in ji 'yata Kanae, tana miƙa kofi ta tagar mota.

"Na sha ɗazu."

"Ƙarya kike yi, tsohuwa. Tun jiya nake gadinki."

"Ji mini 'yar banza. Ni na wanke miki kashi, yau ke ce mai gadina?"

Ina tsaye a gefe riƙe da jarka. Tun ranar da ƙasa ta girgiza muke nan. Gidajen layinmu duk sun tsage, hukuma ta kwashe mu zuwa makarantar firamare, mutane suka shimfiɗa barguna a zauren wasanni. Kaka Malsun kaɗai ta ce ba za ta shiga ba. Sai na ba ta kujerar gaba a ƙaramar motata ta kai kaya, a filin makarantar, ta zauna gwiwoyi a lanƙwashe, ba ta sake sauka ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata. A nan Japan aka haife ta, ta haura tamanin, amma har gobe a unguwa "tsohuwar nan 'yar Koriya" ake ce mata. Da matata ta rasu, ita ta goyi Kanae, ta ciyar da ita kimchi, kabejinsu mai tsami da yaji, har yarinyar ta daina jin ɗanɗanon abincina. Yanzu Kanae aikin kula da tsofaffi take yi, shi ya sa da ta ɗaga bargon da Kaka ta rufa da shi ta ga ƙafarta ta hagu, sai ta juyo ta kalle ni. Ƙafar ta kumbura, ta yi sheƙi.

"Baba, in ba ta sha ruwa ta taka ba, jini zai daskare mata a jijiya. Gaya mata, ko kai za ta ji."

Na sunkuya. "Kaka, me ya yi zafi? Ruwa ne fa."

"Baban Kanae, in na sha, ina zan zagaya?"

"Ga ban ɗaki can."

"Me ke kusa da shi?"

Na duba. Ban ɗakunan da aka kafa suna bayan zauren, kuma ba ka isa wurin sai ka bi ta gefen babban tankin da kowa ke ɗibar ruwan sha.

Ta rage murya ta gaya mini abin da ban taɓa ji a bakinta ba duk zamanmu. Lokacin babbar girgizar da ta rushe Tokyo, shekara ɗari da suka wuce, mahaifinta yana saurayi ɗan ƙwadago. Aka baza magana cewa 'yan Koriya na zuba guba a rijiyoyi. 'Yan sintirin unguwa suka fito da gora mai tsini. Wansa ya tafi ɗebo ruwa, bai dawo ba. Shi kuwa a cikin ciyawar bakin kogi ya kwanta har abin ya lafa.

"Abu ɗaya ya bar mana," in ji ta. "In ƙasa ta motsa, kada a gan ka kusa da ruwan mutane."

"Kaka, wancan zamani ne. Yanzu wa zai yi haka?"

"Su ma maƙwabta ne. Suna gaisawa da safe."

Ban yi nisa a karatu ba, kuma abin da aka koya mana a kan wannan bai fi layi ɗaya ba. Sai na je wurin Iwabuchi, shugaban 'yan sintirin unguwarmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Shi da Kaka sun shekara da shekaru suna faɗa, yau a kan warin tafarnuwa, gobe a kan ranar fitar da shara. "Soja" take kiransa. Na same shi yana raba shinkafa, da hular kwano da jan ƙyalle a dantse. Na gaya masa abin da ta ce.

"Wato mu ne za mu kashe ta?" Ya ajiye ludayi. "Ka ga halin mutanen nan ko? Ba sa mantuwa. Sau nawa za a ba su haƙuri? Ni an haife ni a lokacin? In ta ga dama ta bushe a motar."

Washegari yara suka fara amai da gudawa a zauren. Ma'aikaciyar jinya ta ce cutar cunkoso ce, a riƙa wanke hannu. Ba wanda ya saurare ta, kowa ya duƙufa a kan waya. Wani saƙo ya yi ta yawo, wai an ga baƙi suna shawagi wajen tankunan ruwa a wasu unguwanni. A kan layin ɗibar ruwa wata mata da na gyara wa ƙofa bara ta taɓa hannuna.

"Tsohuwar da ke cikin motarka, ba 'yar can ba ce? Me ya sa take ɓuya?"

Na tuna Kanae ce ke zuwa tankin nan safe da yamma tana cika kwalba ta koma motar, kuma kowa na ganinta. Na bar jarkar a layi, na tafi wajen motar na ja ta gefe.

"Ki shiga ciki ki zauna cikin mutane, su gan ki."

"In bar ta ita kaɗai?"

"Ke kaɗai gare ni, Kanae."

"Ita kuma wa gare ta?"

Tagar a buɗe take. Kaka ta ji mu. Ba ta tambayi komai ba, ta gyara ɗaurin gashinta kawai ta ce, "An fara ke nan."

Da rana ta take, ƙasa ta sake motsawa, gilasan zauren suka yi ƙara, yara suka sa kuka. Ko da abin ya tsaya, na ɗago kai, sai na hango su. Maza huɗu sun fito daga bayan zauren, wajen tanki, sun nufo mu a jere. Hulunan kwano, jajayen ƙyallaye. Iwabuchi ne a gaba. Biyu na baya suna riƙe da dogayen sanduna.

Na san mutanen nan tun muna yara. Ɗaya ma shi ya yi mini abokin ango. Duk da haka na tsinci kaina na jingina baya da ƙofar motar, na buɗe hannuwa.

"Kanae, koma bayana."

"Baba, mene ne?"

"Na ce koma!"

Sai na ji ana tura ƙofar daga ciki. Kaka ce. Ban san inda ta samo ƙarfin ba. Ta sauko da kumburarriyar ƙafar, ta dafa kafaɗata ta miƙe, karon farko tun da ta shiga motar. Ta taka zuwa gabansu, ba takalmi.

"Ga ni, Soja," in ji ta. "Ni kaɗai ce. Yarinyar nan ba ruwanta. 'Yarku ce, 'yar Japan ce uwa da uba. Aikenta kawai nake yi."

Iwabuchi ya tsaya turus. A lokacin na ga abin da ke hannunsa, butar shayi ce. Sandunan kuma na gadon ɗaukar marar lafiya ne, an naɗe zanensa.

"Me kike faɗa haka, tsohuwar banza?" Muryarsa ta fashe. "Ɗaki muka share miki a ofishin malamai, da ban ɗakinsa a ciki. Mun zo ɗaukarki ne!"

Ta kalli butar, ta kalle shi. Ta buɗe baki kamar za ta rama zagin, sai ta dafe ƙirji. Numfashinta ya riƙa fita guntu-guntu. Ta sulale a hannuna.

Kanae ta yi ta danna mata ƙirji a kan ƙasa, tana kiran sunanta. Ma'aikaciyar jinyar ta zo da gudu ta karɓe ta. Hanyoyi a toshe suke, motar asibiti ba ta iso ba. Can ma'aikaciyar ta janye hannunta, ta ce Kaka ta cika, gudan jinin ne ya tashi daga ƙafa ya toshe huhu, da ma miƙewa yake jira.

Muka ɗora ta a kan gadon da suka kawo. Iwabuchi ya durƙusa, ya cire hularsa. A wurinmu in mutum ya cika, akan jiƙa masa leɓe da ruwa na ƙarshe.

"Su ma suna yin haka?" ya tambayi Kanae.

"Ban sani ba," in ji ta.

Ya ciro farin hankici daga aljihu, ya tsiyaya ruwan butar a gefen hankicin, ya jira ya huce. Ya goga mata a leɓe. Ɗigo ɗaya ya gangaro ta gefen haɓarta, ya tsaya a wuyan rigarta.