Duna da Ɗan Farin Atu

Atu ba ta taɓa kiran sunan Sirajo ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidan da ta tashi, can bayan garin Kebbe, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tsayawa ta ƙare masa kallo. Haka ta ga uwarta ta yi, haka ita ma ta yi. In magana ta biyo ta kansa sai ta ce "yaron ga", har bayan ya tsayar da gemu.

Akwai kare a gidan, kuma na Sirajo ne. Ya tsinto shi yana ɗan kwikwiyo a bakin fadama, baƙi wuluk da farin tabo a ƙirji, ya sa masa suna Duna, ya riƙa jiƙa masa tuwo da hannunsa har ya yi ƙwari. Bayan rasuwar mahaifinsa, Sirajo ya koma Tambuwal yana sayen albasa yana tarawa a sito, ya yi aure a wani gidan malamai, ya bar Duna wai ya riƙa tsaron awakin Inna. Gida ya rage daga Atu sai autarta Hamdiyya sai karen.

Atu ba mai son kare ba ce. Ta ware masa wani tsohon kasko a gindin rumbu, in kuwa ya kuskura ya sa baki a ƙwaryarta sai ta dirje ta da ƙasa tana mita. Amma ba ta taɓa barin sa da yunwa ba. Shi kuma yakan ci, ya ɗan kaɗa mata wutsiya don sauke nauyi, ya koma bakin zaure ya kwanta yana fuskantar hanya.

Babura da yawa suna wucewa ta hanyar nan, Duna ko kunne ba ya ɗagawa. Amma ranar da Sirajo zai zo, tun babur ɗinsa bai fito daga cikin gonakin dawa ba karen zai miƙe zumbur, ya soma wani ɗan kuka siriri, ya kwasa da gudu. Atu takan bar abin da take yi ta shige ɗaki, ta tsaya bayan labule tana leƙe. Daga nan take ganin yadda Duna ke zagaya babur ɗin, yana tsalle, yana birgima a ƙasa, yana ɗora kai a kan takalmin mai gidansa, jikinsa duka yana rawa. Sai ta gyara ɗankwali, ta ɗaure fuska, ta fito.

Sirajo zai durƙusa ya ce, "Inna, ina wuni?"

Ta amsa tana kallon wani wuri, "Lafiya lau. An zo lafiya?" Sai ta juya ga karen. "Kai Duna, ka bar mutum shi sha ruwa. Ga fura nan cikin inuwa, tun safe aka dama ta."

Da haka take yi masa magana. In ta ga ya rame, Duna za ta ce wa mutane ba sa cin abinci a Tambuwal. In tana son ya kwana, Duna za ta gaya wa cewa hadari ya haɗo kuma hanya ba ta da kyau. A ganinta yaron ya san abin da take nufi.

Wata ranar kaka ya zo da babban kwando ɗaure a bayan babur. Atu tana cikin ɗaki tana ƙulla masa daddawa da kuka, ta ji shi a tsakar gida yana gaya wa Hamdiyya cewa ɓarayi sun fasa masa sito, zai tafi da Duna.

Hamdiyya ta ce, "Yaya, Inna fa ta saba da shi."

Ya yi 'yar dariya. "Inna? Mi ya dame ta da kare? Ke, bari in gaya miki, gidan ga kaf Duna kaɗai ke murnar zuwana. Tun ina ƙarami ban taɓa ganin ta yi mini dariya ba."

Atu ta tsaya da ƙullin daddawa a hannu. Ta so ta fita ta ce masa wani abu, amma ba ta san ta inda ake fara irin wannan magana ba, babu wanda ya taɓa yin ta a gabanta. Da ta fito, har ya ɗaure karen cikin kwando. Duna bai yi gardama ba, yana ta miƙa wuya yana lasar gwiwar hannun Sirajo. Ta miƙa wa Hamdiyya ƙullin ta ce ta ba shi, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Sai bayan damina ta sake ganin karen, lokacin da matar Sirajo ta haihu aka aiko a zo suna. Ɗan acaɓa ya kai su Tambuwal ita da Hamdiyya, sun isa duk jikinsu ya yi tsami saboda ramukan hanya. Gida cike da mata, dangin mai jego sun karɓe su da mutunci, aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo waina. Atu ta karɓi jaririn, ta dube shi kaɗan, ta miƙa. Da rana ta yi, sai ta tambayi wata mata inda siton yake, aka nuna mata bayan gida.

A can ta sami Duna, ɗaure da sarƙa a gindin wani turke, ba inuwa sai 'yar ta bango. Haƙarƙarinsa duk sun fito, sarƙar ta cinye gashin wuyansa har ta yi gyambo, ƙudaje na bi. Kwanon da ke gabansa ya bushe ƙayau. Da ya gan ta ya ɗaga kai, ya buga wutsiya a ƙasa, ya jawo jiki a hankali ya ɗora haɓarsa a kan ƙafarta. Bai taɓa yi mata haka ba. Ita ma ba ta janye ƙafar ba. Ta kwance bakin zanenta ta zuba masa wainar da ta ɓoyo.

Yana cikin ci sai muryar Sirajo ta taso daga lungu, yana tafe da abokansa cikin sabuwar shadda. Duna ya bar wainar, ya zabura har sarƙar ta fizge shi ya faɗi, ya tashi ya sake zabura, yana wannan kukan siririn, ƙafafunsa na gaba suna dakan iska. Sirajo ya ratse gefe don kada a ɓata masa riga, ya ce, "Kai, kwanta," bai ko dube shi ba. Sannan ya hangi uwarsa.

"Inna, mi kike yi nan cikin rana?"

Atu ta dubi karen, bakinta ya buɗe za ta yi magana da shi yadda ta saba, sai ta fasa. Ta ce, "Ka ba ni shi in koma da shi gida."

Ita ce buƙata ta farko da ta taɓa nema a wurinsa, amma shi bai lura ba. Ya ce, "Ki tafi da shi mana. Na sa ƙofar ƙarfe, yanzu ba ya da wani amfani nan. Dama surukaina suna ta ƙorafi, wai haushinsa na hana su karatu." Ya sunkuya ya kwance sarƙar, ya wuce wurin baƙinsa.

Da la'asar suka nemi kwando, ɗan acaɓan ya yarda zai ɗauka. Amma Duna ya ƙi. Atu ta kira shi, ta nuna masa nama, ya zo ya shinshina hannunta ya koma ƙofar gidan Sirajo ya kwanta. Hamdiyya ta sa masa igiya ta ja, ya turje, ya zame kai ya koma. Wani daga cikin surukan ya fito zai tafi masallaci, ya tattare riga, ya ɗauki hoge ya jefe shi. Karen ya yi ƙara, ya gudu ƙarshen lungu, mutumin na wucewa ya dawo wurin da ya tashi.

Ɗan acaɓan ya ce, "Inna, rana tana faɗuwa, kuma kin san hanyarmu."

Atu ta hau. Ba ta waiwaya ba sai da suka kai kwana, ta hangi Duna kwance, kansa a kan dokin ƙofa.

Ba a yi wata guda ba Sirajo ya bugo wa Hamdiyya waya. Suna tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Atu ta dubi yarinyar, ta ce, "Mi ya faru?"

Hamdiyya ta ce, "Duna ne. Tun da aka kwance shi duk inda Yaya za shi sai ya bi babur ɗinsa da gudu. Jiya ya bi shi har babban titi, wata motar kaya ta taka shi." Ta miƙa mata wayar. "Ga shi, shina son ku gaisa."

Atu ta karɓa ta kara a kunne. Ya gaishe ta, ta amsa. Ta ce, "An rufe shi?"

"Wa?"

"Karen."

"An ja shi gefen titi dai. Ni ban ma tsaya ba, ina sauri ana jirana da kaya." Sai ya ƙara da cewa, "Inna, kare ne fa."

Ta ce, "Haka ne. A gai da mai jego."

Ta miƙa wa Hamdiyya wayar, ta jawo tiren gyaɗar gabanta. Ɓawon ya ƙi fasuwa, ta sa haƙori ta fasa. Hamdiyya ta gama sallama da yayanta, ta zauna tana satar kallon uwar. Suka ci gaba da ɓara har aka kira la'asar.