Sabon Kan Burtun Mainassara

Shekarar da gardi, dogarin kumandan na Magarya, ya matsa wa mutane da ɗiban maza zuwa aikin hanya, ƙauyen su Mainassara da ke bayan Mallawa ya watse. Gida bayan gida suka ɗaure kaya suka tsallaka ƙasar Ingilishi. Shi kaɗai ya ƙi tashi, wai me gardi zai yi da tsoho. Gaskiya ne, amma taurin kai ya fi yawa a cikin maganar.

Har Illa ya tafi, abokin farautarsa na shekara talatin, ya kuma tafi da kan burtun da suke karɓa-karɓa su biyu. Wannan kai shi maharbi ke ɗaurawa a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya shiga cikin bareyi ba su ankara ba.

Wata biyu Mainassara bai ji muryar mutum ba. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, fiye da rashin nama a miya, ko da yake da rashin naman ya fake ya ce zai yi sabon kai.

Ya harbi namijin burtu a bakin fadama, macen ta tsere. Ya cire bakin ya shanya. Ya sassaƙa wuya da itacen dashi saboda rashin nauyinsa, ya rufe shi da fatar baƙar akuya, ya ɗinka jar fata a maƙogwaro. Ido kuwa 'ya'yan tsiron nan idon zakara ya manna da kakin zuma. Kwana shida yana abu ɗaya, yana yi yana gunaguni kamar da wanda ya sa shi.

A al'adarsu sabon kai sai an gwada shi. Abokinka ya tsaya daga nesa, ka yi tafiya, ya gaya maka inda ka kuskure. Illa ba ya raga masa, yakan ce, "Kai Mainassara, wannan ai tafiyar agwagwa ce." Yau ya ɗaura kan, ya zaga tsakar gida a duƙe, ya waiwaya don ya ji hukunci, ba kowa sai turmin da aka bari. Ya ɗauki kwari da baka ya nufi daji, dabbobi su yanke.

Da hantsi ya hango bareyi huɗu suna kiwo. Ya duƙa, yana taku yana gyaɗa kai. Sai ya ji kuka mai kauri daga bayansa, irin na kiran burtu. Macen ce. Ta taho da sauri, ta rage tafiya, ta karkata kai tana duban jan maƙogwaron. Sannan ta jera da shi tana tsattsagar fara a cikin ciyawa.

Kan ya yi kyau ke nan, babu sauran tambaya. Bareyin ma ganin burtu biyu suka ƙara sakin jiki, ɗaya har ta ba shi haƙarƙari. Amma in ya ɗago ya ja baka, tsuntsuwar za ta gane mutum ne. Ya ji daɗin tafiya da wani a gefensa, daɗin da ya ba shi kunya. Ya bar kibiyar a cikin kwari.

Bareyin suka yi gaba suka ɓace. Shi dai yana biye da ita, ta tsaya ya tsaya, ta yi kuka ya gyaɗa mata kai. Rana ta take, gumi ya jiƙa zanen. Ya daure iyakar daurewar tsoho, daga baya ƙugu ya ƙi, dole ya miƙe.

Ta dube shi sau ɗaya. Ta ruga, ta buɗe fikafikai ta tashi.

"Dakata mana," in ji shi, muryar a dushe don daɗewa ba a yi amfani da ita ba.

Ba ta dakata ba. Ya tsaya nan da bakin mijinta a goshinsa, yana kallon wajen da ta nufa.