Agogon Baba a Juye

"Baba, yau wace rana ce?" likitar ta tambaya.

Baba Mai Agogo ya ɗaga kai kamar a silin aka rubuta amsar. Ya san Talata ce sarai.

"Asabar," ya ce.

Auta, 'yarsa, ta dafe ƙirji. "Kin ji ko, likita? Shekaranjiya rimot ɗin talabijin na tsinta a firij. Kafin nan butar shayi ta ƙone ƙurmus a kan wuta."

Tun da rediyo ta fara cewa wai tsofaffin da ake samu da ciwon mantuwa sai ƙaruwa suke, tsoho bai isa ya nemi tabaraunsa sau biyu ba sai 'ya'ya su kira mota. Matar maƙwabcin Baba ma haka aka yi mata. Aka rufe mata kicin, ɗanta ya ɗauke ta zuwa gidansa, mijin ya rage shi kaɗai yana hira da rediyo. Abin da Baba ke tsoro ke nan, domin rimot da buta duk aikin Inna ne, matarsa, wadda ke zaune yanzu a benci a waje. Duk abin da ta ɓata, kafin Auta ta buɗe baki sai ya ce, "Ni ne." Lissafinsa shi ne, shi ba a ɗaukar sa ko'ina, don ba ɗan da zai iya zama da mitarsa.

"Wace ce wannan?" Likitar ta nuna Auta.

Ya ƙare mata kallo. "Ba mai kawo takardar wuta ba ce?"

"Baba!"

"To ai muryar ce iri ɗaya."

Abin har ya fara yi masa daɗi. Da aka nuna masa biro ya ce cokali ne, ya nemi shayi. Likitar ta miƙa masa farar takarda ta ce ya zana agogo.

Nan fa ake yin ta. Mutumin da ya tsufa da ƙaramin gilashi a ido yana gyaran agogo, hannunsa ya ƙi yarda ya yi shirme. Ya zana da'ira sumul. Da ya tuna ba lafiya gare shi ba, sai ya jera lambobin ta hagu, ɗaya a gurbin sha ɗaya, biyu a gurbin goma, kowace da tazararta daidai. Ya miƙa yana jin ya gama da ita.

Likitar ta daɗe tana kallo, sannan ta roƙi Auta ta ba su wuri.

"Baba, na ga agogo iri-iri a ɗakin nan, amma ban taɓa ganin wanda ya lalace da kyau haka ba. Ko a madubi na sa shi zan iya saita nawa." Ta rage murya. "Wa ya sa rimot a firij?"

Wasan ya fita daga ransa. Ya kalli ƙofa, tausayin Inna ya cika shi.

"Za su raba ta da kicinta," ya ce. "Su raba ta da ni."

"Ni ba na ɗauke kowa daga gidansa. Amma in an duba ta da wuri, akwai abin da za a iya yi mata. Kuma wutar nan, wata rana ba buta kaɗai za ta ci ba."

Baba ya ce, "In aka ce ita za a duba, ba za ta zo ba."

"To kai zan sake dubawa. Ta rako ka, ta shigo tare da kai. Auta kuma kai za ka faɗa mata, ba ni ba."

Da ya fito, Auta ta tafi neman mota. Inna ta miƙe tana gyara masa wuyan riga.

"Me likita ta ce, Malam?"

"Ta ce in dawo, kuma ke za ki shigo da ni."

"Ni dai na ga ta kaina da kai. Riƙe hannuna kar ka ɓata."

Ya riƙe. Suna isa bakin titi ta juyo.

"Af, Malam, me likita ta ce?"

"Yanzu nake shirin faɗa miki," in ji Baba.