Farin Layi a Jikin Shaf

Ƙarfen ya faɗi a gaban ƙafafunta, gida biyu, da baƙin mai a jikinsa.

"Ga aikinki nan," in ji Mai Dutse. "Na biyu ke nan cikin wata ɗaya."

Sha-Bakwai ba ta ɗago ba sai da ta gama ɗaure notin da ke hannunta. Tun tana 'yar shekara tara aka laƙaba mata sunan, saboda sifana mai lamba sha bakwai da ba ta rabuwa da aljihunta. Shekara shida ke nan ita ke riƙe da rumfar babanta a filin kanikawa, tun da hannuwansa suka fara rawa. Yana can zaune a kan tsohuwar kujerar mota a bakin rumfar, yana kallo.

Ta ɗauki guntun shaf ɗin, sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayar baya, ta juya bakinsa ga rana. Ya murɗe kamar tsumman da aka matse.

"Yallaɓai, wannan ba karyewa ya yi don kansa ba. Murɗe shi aka yi."

"Au, ni na murɗe shi da hannuna?"

"Da ƙafarka."

Mai Faci ya ƙyalƙyale da dariya daga rumfar gefe, ya mayar da ita tari.

An jawo motar Mai Dutse da igiya, tana tsaye a tsakiyar fili. Tayoyinta sun kai wa Sha-Bakwai har ƙirji. Da kansa ya sa aka canza su, don hawa hanyar wurin da yake fasa dutse. Ita kuma abin da ya nema ta yi masa, ta saka makullin da ke ɗaure tayoyin baya biyu su juya tare. Ran nan ma ta gaya masa aksil ɗin da ke ɗauke da tayoyin ya yi musu ƙanƙanta, ya ce ba shawara ya zo saye ba.

Kafin a ce me, an kira shugaban filin. Kawunta ne, ƙanen mahaifiyarta, ya iso yana goge hannu a wando.

"Tifofina sha ɗaya ake gyarawa a filin nan," in ji Mai Dutse, murya sama don kowa ya ji. "Ta saka min jabun ƙarfe, saura ƙiris na gangara rami. Ko ta kwashe komatsanta yau, ko ni in kwashe motocina."

Rabin rumfunan wurin da tifofin nan suke ci.

Kawu ya matso kusa da ita ya sassauta murya. "'Yata, ki ba shi haƙuri, ki ce kuskure ne. Ki ɗan rufe rumfar ko wata biyu, in ya huce sai mu san abin yi."

"In na rufe wata biyu, Kawu, wa zai sake kawo min ko keke? Sai a ce ai ita ce mai jabu."

"To ya kike so in yi? Mutum talatin ne a wuyana."

"Ka ba ni zuwa yamma."

Ta juya ta fuskanci Mai Dutse. "Ka je da ƙafarka ka sayo shaf, wanda ya fi kowanne a kasuwa. Kawu ya saka da hannunsa, ni ba zan taɓa ba. Sai mu je kwazazzabon bayan fili, in hau sau ɗaya, ka hau sau ɗaya. In ya lalace a hannuna, ba sai an kore ni ba, da kaina zan cire kwanon rumfar nan."

"In kuma bai lalace a hannun kowa ba?" in ji Mai Dutse.

"Na ji. Shi ma na tafi."

"Ke!" in ji Kawu.

Mai Dutse ya yi murmushi. "Kowa ya shaida."

Awa biyu sai ga shi da sabon shaf a kwali. Kawu ya ƙwanƙwasa shi da guduma, ya saurari ƙararsa, ya gyaɗa kai. Yana shirin zura shi sai tsohon ya yi magana daga kujerarsa, karo na farko tun safe.

"Layin fa?"

"Ban manta ba, Baba."

Ta ɗauko gwangwanin farin fenti da siririn buroshi, ta miƙa wa Mai Walda. "Ja min layi ɗaya miƙaƙƙe, daga kai har haƙoran da ke ƙarshensa. Ga ƙarfen awo, kada ka karkace."

"Kwalliya za a yi wa amarya?" in ji Mai Faci.

"Shaida za mu ɗauka. Ƙarfe ba ya jin tsoron kowa."

Dabarar Baba ce tun zamanin da yake gyaran motocin daji. Shaf kan murɗe kafin ya karye, ido ba ya gani, amma layin fenti yana nunawa. Aka shanya shi a rana ya bushe, Kawu ya zura shi a gefen hagu, ya ɗaure noti takwas ɗin.

Filin gaba ɗaya ya biyo su. Kwazazzabon gangare ne na jar ƙasa da tsakuwa, a tsakiyarsa akwai matakin dutse da ya kai gwiwa, a karkace, yadda dole taya ɗaya ta tashi sama.

Sha-Bakwai ta fara sauke iskar tayoyin, ta hau, ta saka ƙaramar giya. Motar ta yi ta rarrafe. Taku uku kafin dutsen ta tsaya cak, ta danna makulli, ta jira sai da ta ji ya kama.

"Ko mu turo ki ne, Hajiya?" wani ya yi ihu.

Ba ta ko kalle shi ba. Ta taɓa totur kaɗan. Tayoyin gaba suka hau. Ta baya ta dama ta bar ƙasa, tana lilo a iska, nauyin motar duka ya koma kan ta hagu. Motar ta yi nishi, ta zame baya da kamu ɗaya. Sha-Bakwai ta ɗage ƙafa gaba ɗaya, ta koma baya, ta karya sitiyari kaɗan, ta sake gwadawa. A karo na biyu tayar ta ciji dutsen ta haye kamar tsohuwa a kan tsani.

Da ta sauko, Kawu ya kwance notin, ya zaro shaf, ya goge man da tsumma. Layin yana nan miƙe kamar yadda Mai Walda ya ja shi.

"Minti shida," in ji Mai Dutse yana duba agogo. "Da jaki ne da ya riga ki. Mayar da shi, malam, in nuna mata tuƙi."

Ya danna makullin tun daga ƙasa, ya ja da baya don ya samu gudu, ya take totur har ƙasa. Injin ya yi kururuwa. Motar ta daki dutsen, bayanta ya yi tsalle, tayoyin suna ta wulwulawa a iska, suka dira da ƙarfi, suka sake tashi, suka sake dira. Tsakuwa ta watsu har kan mutane. Sai ga motar a saman gangaren, lafiya ƙalau.

Ihu ya tashi. Mai Dutse ya sauko da ita yana ɗaga hannu ta taga.

"Ina karyewar? Haka nake tuƙi kullum! Ƙarfe mai kyau ga shi nan bai ce komai ba. Nata ne jabu!"

Kawu ya kasa haɗa ido da ita. Har wasu sun fara juyawa za su koma bakin aiki.

"Ba a gama ba," in ji Sha-Bakwai. "Kawu, zaro."

"'Yata, motar tana tafiya, kowa ya gani."

"Ni an zaro nawa. A zaro nasa."

"Gaskiyarta," in ji Mai Walda. "Ni na ja layin nan, ina so in gan shi."

Kawu ya durƙusa. Notin suka fita, amma shaf ɗin ya ƙi fitowa. Sai da aka sa guduma, mutum biyu suka ja. Ya goge shi, ya tsaya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga shi sama.

Layin ya taho miƙe har kusa da haƙora, daga nan ya kewaye ƙarfen kamar igiya a wuyan akuya.

"La ila!" in ji Mai Faci. "Sabo fil, hawa ɗaya!"

Sha-Bakwai ta zaro sifanarta daga aljihu ta nuna tayar. "Duk mun san abin da muke yi in noti ya ƙi kwancewa. Bututu muke zura wa sifana don hannu ya yi tsawo, wani lokaci har kan notin ya tsinke. Wannan tayar ita ce bututun. Da babu makulli, tayar da ke sama za ta yi ta juyawa ƙarfin ya tsere ta can. Da makulli babu wurin tsira, duk a kan sandar nan yake sauka. Sai kuma a haɗa da tsalle." Ta kalli Mai Dutse. "Kai ka saya, Kawu ya saka, kai ka tuƙa. Nuna min inda hannuna yake a ciki."

Mai Dutse ya fara cewa, "Tifofina..."

"Ka kai su inda ƙarfe ke jin kunyar mai kuɗi."

Kawu ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa. Ya ɗaga murya, kowa ya ji. "Ranka ya daɗe, rumfa tana nan inda take. Motoci naka ne."

Mai Dutse ya dubi fuskokin da suka kewaye shi. Babu wanda ya sunkuyar da kai. Ya ja tsaki.

"To, ki gyara min ita."

"Ko babban aksil, ko ka mayar da tayoyinta na asali. In ba ɗaya daga ciki ba, ko notinta ba na taɓawa."

"Zan yi tunani. A mayar min da shaf in tafi."

Kawu ya buga shi ya shiga da ƙyar. Mai Dutse ya hau, ya tayar da inji. Sha-Bakwai ta leƙa ta taga.

"A hankali, Yallaɓai. Tsalle ɗaya ya rage masa."

Motar ta fita daga filin tana bin gefen titi, tana kauce wa kowane rami. A bakin ƙofa wani mai keke ɗauke da buhun gawayi ya kaɗa mata ƙararrawa ya wuce ta.

Da suka koma rumfa, Baba yana ƙoƙarin rufe gwangwanin fentin, murfin yana ta kuɓuce wa yatsunsa.

"Bar shi a buɗe, Baba," ta ce. "Akwai wata motar tana jira."