Ragar da ke Tsakanin Riɗi da Baƙuwa

…kwana bakwai dai Rukayya ta ce. Kwana bakwai, Inna, sai ki ɗage ragar. Yau na tara ke nan, ga Tabawa tsugune gaban keji, yatsu biyu a kan katakon da ke riƙe da ragar waya, ta kasa ja.

Ita fa! Shekara talatin tana aikin unguwarzoma, rabin unguwar Kalley a hannunta suka faɗo duniya, hannun bai taɓa gaza mata ba. Yau ya gaza saboda kusu. Ita da ta sha ɗana wa kusu tarko a bayan buhun gero… To, waɗannan dai na daji ne, jajaye, wutsiya mai tuntu, ido baƙi wuluk. Rukayya, autarta, ita ta kawo su biyu, ta raɗa musu Gyaɗa da Riɗi, sannan ta ɗauki jakarta ta tafi Dakar karatu. Inna, amana. Abin da ta ce ke nan a filin jirgi. Kun ji 'yar zamani, ba uwar ta bar wa Allah amana ba, dabbobinta ta bar wa uwar.

Gyaɗa kuwa wata Talata da hantsi aka same ta a miƙe, ba rai. Ba ciwo, ba komai. Riɗi ta daina tono, ta daina ci, ta dunƙule a lungu kwana huɗu. Muryar Rukayya a waya tana karyewa — Inna, ba su zama su kaɗai, in ba a samo mata 'yar'uwa ba bin ta za ta yi. Wa zai ɗaga waya ya gaya wa yarinyar nan ta biyun ma ta tafi? Tabawa? Wallahi ba ta iya ba.

Riɗi tana shinshina ragar. Daga can ɓangaren, baƙuwar da aka samo mata ta miƙe a kan ƙafa biyu, kunnenta na hagu da tsaga.

Tsagar nan aikin Tabawa ce. Ta sha yawo kafin ta same ta, mutane na yi mata kallon wadda ta fara ruɗewa, har aka kwatanta mata wata malamar lakwal, wato makaranta, a unguwar Saga mai kiwon su. Ta dawo da ita cikin kwali, ta buɗe keji ta saka — to da me za ta yi? Baƙo ya zo a bar shi a ƙofa? Ai kafin ta rufe murfin sun zama dunƙule guda, ƙara, jini a kan dusa… da zani ta raba su, tana salati.

Mu'azu kafinta na kasuwar Katako har da riƙe ciki. "Hajiya, katanga za a yi wa kusu?" Ya yi dariyarsa ya gama, ya kuma yi aikin tsaf, raga a tsakiya mai zamewa sama. Kullum safe da yamma a sauya musu ɗaki, wannan ta kwana a shimfiɗar waccan, har warin ɗaya ya daina zame wa ɗaya baƙo. Haka Rukayya ta koya mata. Ta yi, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba.

Kuma ya yi aiki, ai ya yi. Shekaranjiya da azahar ta same su suna barci, kowacce ta manne da raga ta nata gefen, gashinsu na taɓa juna ta cikin hujin waya. Alamar ke nan. Daɗi ya kama ta har ta tafa hannu ita kaɗai a tsakar gida. Sai ga Rukayya ta kira… me ta ce mata? Ba su shirya ba tukuna, ɗiyata. Ƙarya tsagwaronta, a bakin mace mai jikoki. Don me?

Tsoron faɗa ne. Jinin nan ne. Haka ne mana.

A'a.

Kwanakin da Riɗi ta ƙi ci, wa ya zauna da ita? 'Ya'yan kankana a tafin hannu, ɗaya-ɗaya, har ta yarda ta hau. Ƙafafun nan masu sanyi a kan wuyan hannu. Kullum bayan la'asar sai ta haye hannun rigarta, ta zauna a kafaɗa, Tabawa na ba ta labarin gwiwa, da tsadar tumatir, da marigayi mijinta Malam Nasiru wanda bai taɓa iya cin tuwo shi kaɗai ba. Gidan da ya yi tsit tun tafiyar Rukayya ya samu mai saurare. In ragar nan ta tashi, Riɗi ta samu tata… wa zai sake hawa kafaɗar tsohuwa?

Ashe kishi take. Da kusu. Dariya ta kuɓuce mata, ido ya cika.

Amma jiya Riɗi ta ci da kanta, ta yi tono har dusa na tashi. Tana son rayuwa, 'yar banza, kuma ba tafin hannu take nema ba yanzu. Tabawa ta ajiye zani kusa, ko da za a yi. Bismillahi. Katako ya motsa, raga ta ɗaga faɗin yatsa, biyu… hanci ya leƙo ta ƙasa, wani hanci ya tarye shi. Ba ƙara. Tukuna dai ba ƙara.

Hannun Tabawa yana sama, bai sake ba, bai ƙarasa ba. Riɗi ko waiwayo ba ta yi ba.