Jajiberen Jibiya

Baba Hamisu ya faɗi maganar ne kamar mai ba da labarin hadari ya taso: bayan Sallah zai sayar da lambun bakin tabki, wani Alhaji daga Maraɗi ya zo ya gani ya yaba. Ɗelu, matar ƙaninsa marigayi Mamman, wadda ita ke ban ruwan lambun tun mijinta na raye, ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya sa alheri. Da albasar lambun nan take ci, da ita ta biya wa ɗiyarta Zahara'u lakwal, wato makarantar boko. Zahara'un ce ta kasa haɗiye maganar.

Lambun na kakanta ne, Malam Gambo. Ya rasu shekarun baya, da asubar ranar ƙaramar Sallah, kafin a fita idi. Uban Zahara'u kuwa a Jibiya ya rasu, can ƙetaren iyaka inda ya tafi fatauci, kuma wanda ya kawo labari ya ce ranar jajibere ne da la'asar. Kowa ya lissafa: jajibere na gaba da Sallah, ke nan ɗa ya riga uba. Wanda ya riga ubansa mutuwa ba ya gadonsa, ƴaƴansa ma ba su da komi muddin akwai baffa a raye. Daga nan ba wanda ya ƙara tambaya. Ba a ma raba komi ba. An bar dukiya a dunƙule "don zumunci", kamar yadda aka saba a garinsu Madarumfa, kuma kowa ya san ma'anar zumuncin nan: babban namiji ya riƙe, mata su yi godiya. Ko Gwaggo Atika, ɗiyar Malam Gambo ta cikinsa, ba ta taɓa ganin taki ɗaya da sunanta ba.

Zahara'u ta yi kolej a Maraɗi, ta kuma karanta ilmin gado a islamiyya, don haka ta rantse ita za ta yi rabon da kanta, ba za ta jira zaman dattawan da kullum ake ɗagawa zuwa bayan girbi ba. Ta juya lissafin ta kowace fuska. Kullum amsa ɗaya take samu: ita da uwarta ba su ciki.

Ana saura kwana kaɗan a sha ruwan ƙarshe ta shiga motar Haruna direba daga tashar Maraɗi za ta gida. Haruna abokin ubanta ne, shi ya yi jinyarsa a Jibiya, shi ya kawo labarin rasuwarsa. Cikin mota gardama ta kaure kan ganin wata. Wani ɗan canji na garin Ɗan Issa, can bakin iyaka, ya ce shi dabararsa ɗaya ce, ya yi idi a gida, washegari ya tsallaka ya sake cin tuwon Sallah wajen surukansa.

"Kai ka more," in ji Haruna. "Ni na taɓa yin ta baibai. Shekarar da muka binne uban yarinyar nan, ku kuna nan kuna tanɗe hannu, mu muna Jibiya da azumi a baki muna haƙar kabari. A rediyo muka ji Yamai sun sauko idi, yawu ya ƙafe mani."

Zahara'u ta dafa kujerar gaba.

"Baba Haruna, mi ka ce?"

"Na ce yawu ya ƙafe mani."

"Kafin nan! Ba ranar jajibere ya rasu ba?"

"Jajibere mana. Jajiberen Najeriya. Su ai sai washegari suka yi tasu Sallar."

Dariya ta kufce mata. Ta toshe baki da gyale, ta ƙi tsayawa. Asuba a Madarumfa, la'asar a Jibiya, rana ɗaya! Kaka ya riga, uba ya biyo baya. Ashe ubanta ya yi wuni guda yana mai lambu bai sani ba! Wata tsohuwa da ke gefenta ta janye kwandonta, ta fara karanto addu'ar tsari.

"Ɗiyata, lafiya?" in ji Haruna yana leƙenta ta madubi. "Maganar mutuwar ubanki ce fa."

"Allah ya jiƙansa! Taka mota, Baba Haruna, taka! Kuma yau a gidanmu za ka sha ruwa."

"Da mi za a sha?"

"Da duk abin da ka ambata!"

Ba ta bari ya sauke kayan mutane ba sai da ta ja shi gidan Gwaggo Atika, don shaida ɗaya ba ta isa a tunkari Baba Hamisu. Gwaggo na tankaɗe, ta saurara, ta ajiye rariya, sai ta buga cinya.

"Wallahi na tuna! Muna zaman makokin Malam washegarin Sallah, sai ga wannan ya shigo da sabuwar shadda tana ƙara, hula kamar an ɗora tulu. Na ce a raina, wane irin mutum ne zai sa kayan Sallah yau, ya kuma kawo labarin mutuwa da su?"

"Daga idi na taho, Atika! Daga masallacin idin Jibiya na tada mota!"

"To mi ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambaye ni?"

Abin da ya ci wa Zahara'u rai ke nan ko a tsakiyar murnarta. Shekaru uwarta na durƙusawa tana godiyar aron abin da yake nata, don gida guda cike da manya an rasa wanda zai ce jajiberen wace ƙasa.

Da hantsi washegari suka iske Baba Hamisu a lambu yana nuna wa yaron Alhaji iyaka. Zahara'u ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta miƙe ta zuba bayani ba numfashi. Haruna ya maimaita nasa, har da yawun. Gwaggo ta maimaita nata, har da hular.

"Jajibere jajibere ne," in ji Baba Hamisu. "Ke ɗiyar lakwal, watan ma biyu kuka mai da shi?"

"Ba mu muka mai da shi ba, Baba. Kai ma bara ka yi idi nan, ka tafi Katsina ka iske suna azumi, ka dawo kana yi masu dariya."

Baba Hamisu ya kau da kai. Ya san dai in maganar ta kai gaban liman, wannan amsar zai ji, kuma a gaban jama'a.

Zahara'u ta kwance igiyar guga daga bakin rijiya. Ta ce gado biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, kuma in aka kasa lambun ashirin komi zai fita daidai. Na Kaka da farko: Baba Hamisu takwas, ubanta takwas, Gwaggo huɗu. Sai takwas ɗin ubanta a sake raba su: Inna tumuni, rabon matar mamaci, wato ɗaya, ita rabi, wato huɗu. Saura uku.

"Ukun na wa?" in ji Baba Hamisu, ido a ƙanƙance.

"Na ƴan'uwan mamaci. Biyu naka, ɗaya na Gwaggo."

"Nawa? Na gaji Malam, in kuma gaji Mamman?"

"Sau biyu, Baba."

Fuskarsa ta fara sakewa, sai lissafin ya iso masa: jiya duka lambun yake sayarwa, yau goma cikin ashirin. Ya buɗe baki, Gwaggo Atika ta riga shi da guɗa, irin ta ɗaurin aure, har masu kamun kifi a tabki suka ɗago kai.

"Biyar! Ni Atika, biyar! Yaya, riƙe bakin igiya, hannunka ya fi ƙarfi!"

Yaron Alhaji ya ce maigidansa duka yake so ko ya fasa, ya hau babur ya tafi. Baba Hamisu ya bi ƙurar da kallo, ya tofar da abin da bai tofu ba saboda azumi, ya naɗe hannun riga ya karɓi igiya.

"In za a ja a ja da kyau," ya ce. "Biyun nan na Mamman kada a rage mani ko tafin hannu."

Zahara'u na gudu da ɗaya bakin tsakanin fangalin albasa, zane a tattare, tana kafa kara a kowane awo, tana dariya har tana tuntuɓe. Ɗelu ta tsaya gefe riƙe da guga, sai da aka kafa karan ƙarshe ɗiyarta ta kamo hannunta ta tsayar da ita a tsakiyar wani yanki kusa da rijiya.

"Inna, nan naki ne. Daga karan can zuwa wancan."

Ɗelu ta dubi karan, ta dubi yayan mijinta, ta rage murya.

"In na ga dama in cire albasa in sa barkono, sai na faɗa ma wa?"

"Ba kowa."

Ɗelu ta ajiye guga a hankali. Ta tuɓe takalmanta, ta taka cikin laka har idon sawu, ta bi iyakar tana zagayawa.